Wani Yaro a Gidanmu

Alƙali Wendell Strayhorn na Kotun Ƙolin jihar North Carolina ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce mai kula da lambunsa ya yaudare shi. Mai lambun kuwa shi ne Alhaji Laouali, dattijo mutumin Galmi ta ƙasar Nijar, mazaunin unguwar Glenwood a garin Greensboro.

Alhaji bai ji maganar da kunnensa ba. 'Yarsa Fourera ce ta dawo daga aikinta na asibiti da hantsi, jarida a naɗe a hannunta, ta same shi a bayan gida yana cire ciyawa a fangalin albasa. Ta gaishe shi, ta tsaya. Ya ɗaga kai ya ga hoton Alƙali a shafin farko, sanye da baƙar rigarsa ta kotu.

"Karanta," ya ce.

"Baba, ka gama aikinka tukuna."

"Na ce karanta."

Ta karanta, tana mayar masa da Hausa layi bayan layi. Alƙali ya ce bai san cewa mutumin da ya yanke wa hukunci ɗan ma'aikacinsa ba ne. Ya ce sunayensu ma ba ɗaya ba ne, shi Mista Alassane ya sani, mai ƙara kuwa sunansa Tassiou Laouali. Ya ce duk shekarun da dattijon ya yi yana shiga gidansa bai taɓa furta sunan nan a gabansa ba, bai kuma taɓa cewa yana da ɗa namiji ba. Ya ce sau ɗaya ya taɓa tambayarsa, sai ya amsa masa da cewa, wani yaro ne a gidanmu.

"Sake na ƙarshen," in ji Alhaji.

Ta sake.

Ya miƙe a hankali, don gwiwoyi sun fara gardama. Ya je famfo ya wanke hannu, ya ci gaba da wankewa har bayan ƙasar ta fita. In ka cire kalmar "ban sani ba", babu ƙarya a cikin abin da Alƙali ya faɗa. Wannan shi ya fi ci masa rai.

Alhaji ya zo Amurka ne bayan rasuwar matarsa, ya biyo 'ya'yansa biyu. Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko. Karatunsa na allo ne, shi ma bai yi nisa ba, don tun yana ƙarami ubansa Alassane ya haɗa shi da jigo da fangali. Zama a ɗaki ana ciyar da shi bai karɓe shi ba, sai ya nemi aiki. Wata mata 'yar Jos mai suna Salomi, wadda ke jinyar matar Alƙali, ita ta ji ana neman mai lambu ta kai shi.

A lokacin Alƙali a nan Greensboro yake shari'a, a ƙaramar kotu. Gidansa yana Irving Park, inda motar bas ba ta shiga. Alhaji yakan hau bas daga Glenwood zuwa babbar tasha a tsakiyar gari, ya sauya wata, ya sauka a bakin unguwar, ya ƙarasa da ƙafa a ƙarƙashin manyan itatuwa. Ranar farko ya zagaya lambun, ya damƙi ƙasa ya murza, ya ce a tumɓuke rabin furannin, ƙasar ta gaji. Salomi ta fassara. Alƙali ya yi dariya, ya ce shi ma a kotu irin wannan shaidar yake so, gajeriya.

Suka saba. Turancin Alhaji na lambu ne: ruwa, taki, yanka, gobe. Hausar Alƙali ba ta wuce "sannu da aiki" ba, ita ma a karkace. Amma da yamma in ya dawo daga kotu yakan tuɓe kwat ya zauna a matakalar bayan gida, Alhaji ya hura ɗan murhunsa ya dafa shayi, su sha na fari mai ɗaci har zuwa na uku mai zaƙi, babu surutu. Alƙali ya bar kiransa Mista Alassane, ya koma Alhaji.

A idonsa mutumin ya hau. Daga ƙaramar kotu zuwa babba, daga nan kotun ɗaukaka ƙara, daga nan mutanen jiha suka jefa masa ƙuri'a ya shiga Kotun Ƙoli a Raleigh, ya zama sai ƙarshen mako yake dawowa gida. Duk tsawon nan ba a taɓa jin ya ci na wani ba. Alhaji ya ga ranar da wani attajiri ya aiko da kwandon giya mai tsada, Alƙali ya sa aka mayar ko buɗewa ba a yi ba. Ya ga ranar da ƙanin matar Alƙali ya zo da zancen wata shari'a, aka raka shi mota tun bai zauna ba. Abu ɗaya yake karɓa, cinyar ragon layya da Alhaji ke kai masa kowace Babbar Sallah. Ita ma sai ya riƙe ta ya ɗaga gira ya ce, "Ba ka da ƙara a gabana dai ko, Alhaji?" Alhaji ya ce babu. Sannan a kai ta kicin.

Shi ya sa a fadar 'yan Nijar, inda ake zama bayan sallar Juma'a a gefen shagon nama, in aka tayar da zancen alƙalai Alhaji yakan ce, "Ni alƙali ɗaya na gani a rayuwata, shi ma ba ya salla."

Zabeirou direban tasi, wanda bakinsa ba ya hutu, yakan ce, "Alhaji, ba ka abota da biri sandanka ya maƙale a bisa. 'Yan sanda sun kama ni da laifin gudu, ka yi mini magana mana."

"Ka rage gudu," Alhaji yakan ce.

A shekarar 2001 injin yanka katako ya ɗauke wa Tassiou hannun dama, a wani kamfanin kujeru da yake wa aiki. Tassiou shi ne ɗan farin Alhaji. A inda Alhaji ya tashi, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya jan sa a jiki gaban mutane, ba ya cewa ɗana. Haka ubansa ya yi da yayansa, haka kakansa ya yi. Ba ƙi ba ne, kunya ce, kuma wanda ya fi so shi ya fi kawar da kai. In zai kira Tassiou sai ya ce "kai". In zai yi zancensa sai ya ce "wancan".

Washegarin hatsarin Alhaji ya tafi aiki kamar kullum. Ya ɗauki almakashi yana rage shingen furanni, yana yi har ya shiga inda bai kamata ba. Salomi ta leƙo ta gan shi. Labari ya riga ya iske ta, sai ta koma ciki ta gaya wa maigidan. Alƙali ya fito ko takalmi bai ɗaure ba.

"Alhaji, an ce ɗanka ne aka kwantar?"

Alhaji bai ɗago ba. Ya haɗa ɗan Turancinsa ya ce, "Wani yaro ne a gidanmu."

Alƙali ya dubi Salomi. Ta yi masa bayani a gaban Alhaji. Ta ce ɗansa ne na cikinsa, na fari, mutanensu ba sa faɗa, ko za a yanka shi ba zai ce ɗana ba. Alƙali ya zare almakashin daga hannun Alhaji ya ajiye a kan ciyawa, ya ɗauko mukullin mota. Shi da kansa ya tuƙa su asibiti. Ya tsaya a bakin gado, ya dafa kafaɗar Tassiou, ya tambaye shi sunansa, ya yi ta maimaitawa har ya faɗe shi daidai. Alhaji yana tsaye a bakin ƙofa yana kallon bango. A hanyar dawowa Alƙali ya ce shi ma ubansa mutum ne mai tauri, bai taɓa rungumarsa ba, amma dai yana kiran sunansa. Ya ce naku ya fi nauyin ɗauka.

Ranar nan Alhaji ya ce a ransa, wannan Bature ya san mutum.

Ba a daɗe ba matar Alƙali ta rasu, Salomi ta koma Jos.

Kamfani ya ƙi biyan diyya. Suka ce yaron ne ya cire marfin inji da hannunsa. Wani aboka, wato lauya, ya karɓi ƙarar, ta yi ta hawa daga kotu zuwa kotu, shekara da shekaru. Kotun ɗaukaka ƙara ta ba kamfani gaskiya, aboka ya wuce da ita Raleigh. Alhaji bai taɓa buɗe baki ya yi wa Alƙali zancenta ba, kuma da wannan yake taƙama. Bai san cewa a dokar ƙasar alƙalin da ya san mai ƙara ko wani nasa tashi yake ya bar wa sauran ba. Yaran ma sun ɗauka Alƙali ya fi su sanin doka. Abin da Alhaji ya lura da shi kawai shi ne, a Sallar shekarar da ƙarar ta isa Kotun Ƙoli, Alƙali ya karɓi cinyar rago ya yi godiya, bai yi tambayar nan tasa ba.

Alƙalai bakwai suka zauna. Huɗu suka ba Tassiou gaskiya, uku suka ba kamfani. Alƙali Strayhorn ne ya rubuta hukuncin, jaridu suka yaba, aka ce ga mai tsaya wa talaka. Shekarar 2006 ce, shekarar da zai sake neman ƙuri'a. Mutanen abokin takararsa suka shiga tono, suka gano wanda ke yanke masa ciyawa. Lauyoyin kamfani suka nemi a soke hukunci. Hukumar da ke binciken halin alƙalai ta sa ranar zama. Shi ne Alƙali ya kira 'yan jarida.

Washegarin fitar jaridar Alhaji ya hau bas ya tafi Irving Park, don ba wanda ya ce masa kada ya zo. Tun daga nesa ya jiwo ƙarar inji. Motar wani kamfanin lambu ce a ƙofar gidan, mutane biyu suna aske ciyawa ƙasa-ƙasa a tsakiyar zafi, abin da shi bai taɓa yarda a yi ba. A gefen gareji ya ga kwali. Murhunsa ne a ciki, da butar shayi, da ƙananan kofuna biyu, da tsohuwar malafarsa. Ya tsaya ya dubi tagar ɗakin karatun Alƙali. Labule a sake. Ya ɗauki kwalin ya koma bakin titi ya jira bas.

Ranar Juma'a ya sa babbar rigarsa ya tafi masallaci, ya zauna a sahun da ya saba. Bayan salla ya je fada. Yana isa hira ta yanke. Aka ba shi kujera, aka miƙo masa shayi.

Zabeirou ne ya kasa haƙuri. "Alhaji, ashe kai ne gwanin. Mu muna ta roƙo kana cewa mu rage gudu, ashe ajiye birin ka yi sai babbar rana."

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa.

"Ban roƙe shi ba," in ji Alhaji.

"Mun sani, wasa nake." Zabeirou ya kurɓi shayi. "Amma fasinjoji ba su sani ba. Jiya wata Baturiya ta tambaye ni ƙasarmu, na ce Nijar. Ta ce irin tsohon nan na jarida da ya ɓoye ɗansa? Na ce a'a madam, kuskure na yi, Senegal."

Wannan karon dariyar ta fito fili. Da Zabeirou ya ga fuskar Alhaji sai ya sassauta murya. "Ka yi haƙuri, Baba. Sabo da kaza ba ya hana a yanka ta."

"Ni ba kaza ba ne," in ji Alhaji. Ya ajiye kofi, bai jira na biyu ba, ya tashi.

Abin da ya bi shi har gida ba dariyarsu ba ce, bakinsa ne. Shi ya zauna a kujerar nan shekara da shekaru yana shaidar mutumin. Da yamma kuma ƙaninsa ya kira waya daga Galmi. Bayan doguwar gaisuwa ya ce ana wata magana a kasuwar albasa, wai Yaya ya ci amanar Baturen da ya riƙe shi. Alhaji ya tambaye shi ruwan bana, ya kashe waya.

Fourera ce ta je wurin aboka ta dawo da bayani. Ta kawo shi suna cin tuwo su uku a tabarma. Tassiou yana ci da cokali a hannun hagu, abin da kullum Alhaji ke kawar da kai daga gare shi. Tun bayan hatsarin yana aiki a gidan mai, yana karɓar kuɗi da hannu ɗaya. Da diyyar yake so ya sa hannun roba mai motsi, ya kuma ɗauko matarsa da ke zaune a Maraɗi tana jira.

"Abu biyu ne, Baba," in ji Fourera. "In hukuma ta yarda Alƙali bai sani ba, hukunci zai iya tsayawa. In ta ce ya sani, a soke, a koma farko. Za su kira ka. Tambaya ɗaya ce, ka taɓa gaya masa? Ka ce a'a. That's all."

"Yi mini Hausa."

"Shi ke nan, na ce."

"In na ce a'a, me za su rubuta?"

"Za su rubuta ba ka gaya masa ba."

"Mutane kuma su karanta me?"



"Su karanta na ɓoye," ya amsa wa kansa. "Na shiga gidan mutum da dabara, ina shuka masa fure ina jiran ranar da zan ci shi."

"Wa ya damu da abin da suka karanta? Ba ƙarya za ka yi ba."

"In sun tambaye ni asibiti fa?"

"Ba su san da asibiti ba. Anti Salomi tana Jos. Ba wanda ya sani sai mu da shi."

Alhaji ya yanki loma ya riƙe bai kai baki ba. "Tambayi wancan me yake so."

Tassiou bai ɗago daga kwanonsa ba. "Ce wa Baba abin da ya gani shi ne daidai."

Fourera ta dubi wannan ta dubi wancan. "Ga ku a tabarma ɗaya, ni ce waya. Wallahi wannan kunyar taku ita ta kawo mu nan."

"Ba kunya ta kawo mu nan ba," in ji Alhaji. "Wanda aka nuna wa ita ne ya kai ta kasuwa."

Ya wanke hannu ya fita bayan gida. Ya san abin da wancan yake so. Ya ga hoton hannun roba da yaron ya yanko daga wata mujalla ya manna a bangon ɗakinsa. Ya kuma san cewa ko da a gaban wuƙa ne yaron ba zai roƙe shi ba, domin shi ya yi masa wannan tarbiyya.

Ranar Asabar bayan la'asar wata baƙar mota doguwa ta tsaya a ƙofar gidansu. 'Yan jami'a da ke wucewa a kan kekuna suka waiwaya, don irinta ba ta cika shiga Glenwood ba. Alƙali ya fito shi kaɗai, babu kwat. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Fourera ta shigo da shi bayan gida, inda Alhaji ke ba kuɓewa da yakuwa ruwa.

"Sannu da aiki," in ji Alƙali, da Hausarsa karkatacciya.

Alhaji ya rufe famfo. "Ba shi kujera," ya ce wa Fourera. "Kawo masa ruwa." Baƙo baƙo ne. Amma bai hura murhu ba, shi kuma bai zauna ba.

Alƙali ya riƙe kofin ruwan bai sha ba. Ya tambayi lafiyar Tassiou, ya faɗi sunan daidai, kamar yadda ya koye shi a bakin gado. Fourera ta tsaya a tsakaninsu tana fassara.

"Ya ce bai kamata ya zo nan ba. Lauyansa bai san ya zo ba."

"Ce masa ya faɗi abin da ya kawo shi."

Alƙali ya yi magana mai tsawo, idonsa a kan fangalin albasa. Fourera ta saurara, ta juyo.

"Ya ce da ya ga sunan a takardun shari'a nan take ya gane. Ya san doka ta ce ya tashi. Amma ya duba ya ga in ya tashi za su zama uku da uku, hukuncin kotun ɗaukaka ƙara ya tsaya, kamfani ya ci. Ya ce ya ga hannun Yaya da idonsa. Ya ce saboda mu ya zauna."

"Tambaye shi, na roƙe shi?"

"Ya ce a'a. Ya ce ko sau ɗaya."

"To da ya zauna, gaskiya ya yanke ko alfarma ya yi mini?"

Alƙali ya ɗago da sauri, muryarsa ta koma irin ta kotu. Fourera ta ce, "Ya ce hukuncin daidai ne. Ko yau aka sake zama haka zai rubuta."

"In daidai ne, me ya hana shi tsayawa gaban 'yan jarida ya ce na sani, kuma na zauna?"

Wata bas ta wuce a titi. Alƙali ya ajiye kofin a ƙasa kusa da ƙafarsa.

"Ya ce da sun cire shi. Ya ce tun yana saurayi yake gina sunansa, babu tabo ko ɗaya. Ya ce ya tsorata."

"Sai ya ɗauki nawa ya goge nasa."

Fourera ta yi jinkiri.

"Faɗa masa yadda na faɗa."

Ta faɗa. Kunnuwan Alƙali suka yi ja. Ya ce ya san ya yi masa laifi, ya ce bai zo yin musu ba. Sannan ya matso bakin kujera ya rage murya, ya yi magana da Alhaji kai tsaye, a hankali, da irin Turancin da suke yi a matakala. Fourera ta bi shi da fassara duk da haka.

"Ya ce ba ƙarya yake nema ba. Kalma ɗaya ce, kuma gaskiya ce, ba ka taɓa gaya masa ba. Da ita shi zai tsira, da ita Yaya zai samu diyyarsa. Ya ce bayan zaɓe ƙura za ta lafa, mutane su manta, ka koma lambunka. Ya ce mutanen nan sun lalata ciyawar."

"Mutanensa ne masu mantuwa. Nawa ba sa mantawa. Magana ta riga ta isa Galmi."

"Ya ce zai rubuta wa mutanenka daga baya, ya wanke ka."

"A ɓoye."

Fourera ba ta fassara wannan ba. Alƙali ya gane.

Alhaji ya naɗe tiyon ruwa a hannunsa, ya rataye shi a ƙusa. Ya daɗe yana gyara shi. Da ya juyo ya ce, "Ce masa ranar nan a lambu ban ɓoye masa komai ba. Abin da ban bar kowa ya gani ba a ƙasar nan, shi ya gani. Ya ɗauke ni a motarsa. Na ce wannan ya rufa mini asiri. Ashe ajiya ya yi don ranar da zai buƙata."

Ta fassara. Da ta gama ba ta jira amsar Alƙali ba, ta juyo ga ubanta.

"Baba, ka bar shi, ba don shi ba. Don Allah ka duba Yaya. Matarsa shekara nawa tana zaune gidan iyayenta? Kai sunanka kake karewa, shi hannu ya rasa."

Ƙofar baya ta yi ƙara. Tassiou ne tsaye a bayan ragar sauro, da rigar aikinsa ta gidan mai, hannun rigar na dama a ninke an maƙale shi da fil. Alhaji bai juya ba, amma ya gan shi ta gefen ido. Ya jira ko yaron zai ce wani abu. Da ya ce, da wataƙila an samu wata magana. Tassiou ya gaishe da Alƙali cikin ladabi, ya tsaya inda yake, bai ƙara komai ba.

Alƙali ya miƙe. Yanzu tsayinsu ɗaya, fuska da fuska, fangalin albasa a tsakaninsu. Ya ce ranar Talata za a yi zaman, ya ce zai aiko mota.

"Ce masa na san hanyar bas," in ji Alhaji. "In sun kira ni zan je. In sun ce wa ya tuƙa ni asibiti, zan faɗa. In ba su tambaya ba ma zan faɗa."

Fourera ta sunkuyar da kai ta fassara. Alƙali ya dafa bayan kujera.

"Alhaji," ya ce. Ya ɗaga yatsa ɗaya, don wannan ba ya buƙatar tafinta. "Kalma ɗaya. Ba ka gaya mini ba. Gaskiya ce, ka san gaskiya ce."

Alhaji ya dube shi cikin ido.

"A'a," ya ce. "Ba zan faɗa ba."